Na Ce Tsani Yake Riƙewa

Firamare kawai na gama, amma a rukuninmu na mutum shida ni ne mai biro. Tunda na zauna zan rubuta abin da na aikata, gara in fara daga nan.

Kamfanin da na yi wa aiki yana Challawa, bayan gidajen jima, inda warin fata ke kama riga ya bi mutum har gida. Ba wani babban kamfani ba ne. Manyan injuna muke da su masu ba da wutar lantarki, muna sayar wa masana'antun da suka gaji da ɗauke wuta, masu jima da masu narka roba da masu niƙa. Daga baya aka buɗe ƙaramar tasha a Sharaɗa. Mu aikinmu layi ne. In waya ta tsinke, ko fis ya ƙone, ko taransifoma ta fara gurnani, mu ake turawa a bayan a-kori-kura, da tsani da kayan aiki.

A cikin mu shidan akwai wanda ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa suna nan da rai. Badamagare ne, ya zo Kano tun yana saurayi, ya yi aure ya zauna a Ɗorayi. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana sai in tsokana ta taso. Ban taɓa ganin wanda ya san wuta kamarsa ba. Yakan tsaya a gindin taransifoma ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sai ya ce mai ya yi ƙasa, ko ya ce akwai wayar da ta saki a ciki. A buɗe, a tarar haka ne. Injiniyoyi masu digiri sukan zo da na'urarsu su auna, su tarar da abin da ya riga ya faɗa.

Ni Bakano, shi Badamagare, don haka kullum muna cikin wasa.

"Ku da sai da kuka zo Kano kuka fara ganin ƙwan fitila," nakan ce masa.

"Mun gani," yakan ce. "Mun kuma tarar kuna zaune a ƙarƙashinsa kuna ciniki, babu mai iya gyara shi."

Ƙa'idar kamfani ita ce kowane aiki yana da kati. A rubuta wurin, a rubuta abin da ya lalace, a rubuta sunan wanda ya hau ya gyara, shi kuma ya sa hannu. Abokina ya sauke Alƙur'ani, rubutunsa na ajami kamar an buga shi da inji, amma bai san boko ba. Da farko nakan rubuta sunansa, shi kuma ya dangwala yatsa. Hannun mai aikin layi kuwa ba ya rabuwa da baƙin mai. Wata rana akawun ofis ya ɗaga katin sama a gaban jama'a, ya ce wa ya zo masa da dangwale kamar ranar zaɓe. Aka yi dariya. Abokina ma ya yi murmushi, amma da muka fita ya ce min, "Daga yau rubuta naka kawai. Wuta dai ta dawo, ai shi ne aikin."

Haka abin ya zama al'ada, kuma ba mu kaɗai ba. A sauran rukunoni ma duk wanda biro ke aljihunsa shi ke sa sunansa, don a gama a je a ci abinci. Babu mai karanta katunan. Akan ɗaure su da igiya a jibge a sito, gara tana cin na ƙasa.

Akwai kuma abin da ni da shi kaɗai muka sani. Wata damina a Sharaɗa ina saman falwaya wuta ta fizge ni. Bel ɗina ne ya riƙe ni, na yi ta lilo har ya hau ya sauko da ni. Ban ji wani ciwon kirki ba, kwana huɗu na dawo aiki. Amma tun daga ranar, da na taka matakala ta uku sai tsoro ya kama ni, in kasa ƙara ko ɗaya. Ya lura tun a karon farko. Bai tambaye ni komai ba. Sai ya ɗaga murya don sauran su ji, ya ce, "Sauko ka riƙe min ƙasa. Yaran nan hankalinsu na waya, na fi yarda da hannunka."

Na sauko na riƙe. Shekara goma sha wani abu ina riƙe masa tsani, yana sama yana aiki, da yamma in cike kati da sunana. Da foman ɗinmu ya yi ritaya, manaja ya ce ya ga ni ne sunana ya fi yawo a ofis, aka ba ni gurbinsa. Abokina ne ya sayo tsire ranar, ya ce yau Kanawa sun ci sarautar da ba su yi yaƙinta ba. Na yi dariya na ci tsiren. Ban ji komai a raina ba. Ina ganin ai shi ma ya yarda, kuma babu wanda aka cuta.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. Masana'antu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Titin da a da in an tashi aiki ba ka samun wurin sa ƙafa saboda kekuna da adaidaita sahu, ya koma sai awaki. Waɗanda ba su rufe ba, wasu suka shimfiɗa sola a kan rufinsu. Man da injunanmu ke sha kuma kullum ƙara tsada yake. Mai kamfanin ya tsufa, ya sayar wa wasu da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Muka fara jin kalmar garambawul. Aka daina ba da shayin safe, aka sayar da mota ɗaya, aka rufe tashar Sharaɗa. Sannan aka turo matasa uku da kwamfutoci, suka sa aka kwaso katunan nan daga sito, suka zauna makonni suna shigar da su. Muka riƙa leƙensu ta taga muna dariya, muna cewa an rasa aikin yi an koma tonon shara.

Ranar wata Litinin da hantsi aka ce ana kirana. Wadda na tarar a ofis ɗaya ce daga cikin matasan, injiniya ce, Bakanuwa, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta miƙe ta gaishe ni, ta jawo min kujera da kanta.

"Baba, ba zan ɓoye muku ba," ta ce. "A rukuninku mutum uku za a bari. Ni ba ni na yanke ba, amma ni aka ce in tsara sunayen."

Ta juyo min da fuskar kwamfutar. Ga sunana a sama, da dogon layi a gabansa. Ga na sauran, kowa da ɗan nasa. Can ƙasa ga na abokina, kusan babu komai.

"Wannan bawan Allah," ta ce, "ya fi kowa daɗewa bayan ku, amma tun shekarun farko sunansa bai sake fitowa ba. Me yake yi a rukunin?"

Na ci gaba da kallon kwamfutar. Ta ɗauka ban gane ba, sai ta ƙara sassauta murya.

"Na tambaya ne don na san takarda ba ta faɗar komai da komai. In akwai abin da ba a rubuta ba, ku gaya min. Har zuwa Alhamis ina da ikon gyarawa."

Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Nan take na ga tambayar da za ta biyo baya. In na ce shi ke hawa, za ta ce to ku me kuke yi, kuma wa ya sa hannu a katunan nan duka? Na tuna gidana, na tuna shekaruna, na tuna babu inda zan je a ɗauki dattijon da ba ya iya taka tsani.

Na ce, "Tsani yake riƙewa."

"Shi ke nan?"

"Ya manyanta," na ce. "Ba ya iya hawa yanzu."

Wannan ta biyun ba ta ma tambaye ni ba. Ni na ƙara da kaina, don maganar ta zauna. Ta dube ni, ta gyaɗa kai, ta rubuta wani abu, ta ce Allah ya saka da alheri. Ta yarda da ni saboda furfurata.

Kwana uku nake da su. Ranar Talata na wuce ta ƙofar ofishinta sau biyu, a buɗe take, na ce bari sai ta gama waya. Ranar Laraba aka kira mu wani kamfanin roba, waya ta ƙone a saman falwaya. Abokina ya ɗaura bel ya hau, ni ina ƙasa na rungume tsani, ina kallon tafin takalminsa. Yana aiki yana ɗan waƙe-waƙensu na Damagaram. Da ya sauko ya ce, "Oga, yau ba ka zage ni ba, ko ba ka da lafiya?" Na ce kaina ke ciwo. Ya shiga shago ya sayo min magani. Na cike katin a kan bonet ɗin mota, na sa sunana kamar kullum.

Ranar Alhamis da safe aka tara mu a bakin get. Mai gadi na kiran suna yana miƙa ambulan. Ba a yi hayaniya ba. Wasu suka buɗe a nan, wasu suka cusa a aljihu suka juya. Abokina ya karɓi tasa ya zo wurina kai tsaye, kamar yadda yake kawo min takardar asibiti da ta makarantar 'ya'yansa.

"Mai biro, karanta mana."

Na karanta da Turancina mai tuntuɓe, ina yi ina mayar masa da Hausa. Kamfani na godiya da hidimar da ya yi. Saboda halin da ake ciki an soke gurbinsa daga yau.

"Ba su faɗi laifi ba?"

"Babu laifi. Rage ma'aikata ne."

"To alhamdu lillahi. Da ma abin da ba na so ke nan, a ce na yi wani abu." Ya ninke takardar a hankali. "Kai fa?"

"Ni an bar ni."

"Madalla. Gara da aka bar ɗaya."

Dokar ita ce wanda aka sallama ya mayar da kayan aiki, foman ya duba ya sa hannu. Ya ajiye hular kwano da safar hannu da filaya a kan benci. Da ya zo kan bel sai ya tsaya. Bel ɗin ya tsufa, shi da kansa ya kai wa baduku aka sake ɗinke shi sau biyu, fatar ta ɗauki siffar ƙugunsa.

"Wannan ba za a bar min ba? Ai ba wanda zai iya sa shi."

Layi ɗaya ne zan rubuta, in ce ya lalace an yar. Na sha rubuta irinsa don wasu. Amma a ranar ina tsoron duk abin da zai sa a sake duba takarduna. Na ce masa mai sito ya tsananta, ba zai yiwu ba. Ya ce ba komai, ya ajiye. Har ya kai bakin ƙofa ya dawo, ya matso kusa da kunnena.

"Kada ka yarda su sa ka hawa. Ka ce kai foman ne. Ka sa ido a kan yaran, su riƙa jefa wayar ƙasa, mai zuƙe ragowar wuta, kafin su taɓa layi, ko da an ce an kashe."

Abin da ya dame shi ke nan ranar da aka kore shi.

Bayan tafiyarsa aikin ya watse. Gyaran da yakan gama kafin azahar sai mu kwana biyu a kansa, muna kwance wannan muna ɗaura wancan. Masana'antun da suka rage suka fara ƙorafi, biyu suka yanke hulɗa da mu. Manaja ya kira ni ya ce yaya mutumin da ya yi duk ayyukan nan ya kasa gano waya ɗaya. Na ce tsufa ne. Wata tara bayan nan aka sake rage ma'aikata, sunana ne na farko. Wata tara ke nan na samu da ƙaryar da na yi.

Abokina kuwa ya koma aikin unguwa. Wayarin gida, gyaran fanka, wani lokaci mutanen layi su haɗa kai su kira shi ya ɗaura musu wayar da ta faɗo. Mukan gaisa ta waya. Sau da yawa yana cewa in zo mu ci tuwo, ina cewa sai an kwana biyu. Ba na iya zama kusa da shi.

Wata rana da la'asar wani tsohon abokin aikinmu ya kira ni ya ce abokina ya faɗo. A Ɗorayi ne, bayan layinsu. Ya hau falwaya ya ɗaure ƙugunsa da igiyar guga, kullin ya zame. Ba wuta ce ta taɓa shi ba, shi wuta ba ta taɓa kama shi ba. Bayansa ne ya karye.

Sai da aka sallamo shi daga asibiti na je. Yana kwance a kan katifa a ƙasa, an tokare shi da matasai, ƙafafun nan dogaye a miƙe ba sa motsi. Ya rame har idanunsa sun yi zuru-zuru. Da ya gan ni ya yi dariya.

"Ga Bakano. Ka ji an ce gado za a raba ne ka zo?"

"Me kake da shi da za a raba, in ban da filaya?"

"Filayar ma kun ƙwace."

Muka yi dariya, dariyar ta sa shi tari. Na riƙe masa kofi ya sha ruwa. A hanya na shirya maganata tsaf, na ma san kalmar da zan fara da ita. Ina buɗe baki ya riga ni.

"Na ji kai ma sun sallame ka. Na san dalili. Ka tsaya min ne, suka riƙe ka a rai. An ce ranar ka daɗe a ofishin yarinyar nan." Ya kamo hannuna. "Na gode, mutumina. Abin da Allah ya rubuta ne, amma na san ka yi iyakar yinka."

Ban san wa ya gaya masa haka ba. Wataƙila babu wanda ya gaya masa, shi ne ya ɗinka abinsa saboda yadda ya ɗauke ni. Na dubi hannunsa a cikin nawa. Na ce a raina mutum na kwance haka, ina amfanin ƙara masa ciwo, bari ya ɗan ji sauƙi. Na sake samun dalili, kamar yadda na samu ranar Talata da ranar Laraba. Na ce masa, "Haba, ai yi wa kai ne."

Bai ji sauƙin ba. Ya rasu cikin bazara, wata biyu bayan zuwana. Ina sahun gaba a sallarsa, ina cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Na yi shekara guda ina ɗauke da abin. Abinci ya daina min daɗi, in na tsaya salla sai maganar ta zo ta tsaya a gabana. Na je wurin limamin unguwarmu na ba shi labarin kamar na wani ne. Ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, in kuwa ya rasu a nemi magadansa, a yi ta yi masa addu'a. Don haka wata Asabar da hantsi na hau adaidaita zuwa Ɗorayi.

Matarsa ta aiko min da tabarma da ruwa a soro, ita kuma ta tsaya daga bayan ƙofar cikin gida, ina jin muryarta ba na ganinta. Muka gaisa, na yi masa addu'a, ta amsa. Sannan na faɗa mata komai. Katunan, da tsoron hawan da ya rufa min asiri a kai, da abin da injiniyar ta tambaya, da amsar da na bayar, da bel ɗin. Ban rage ko ɗaya ba.



"Malam," ta ce, "kun gama?"

"Na gama. Na zo neman gafara ne."

"Wurin wa?"

Ba ta jira amsata ba.

"Yana kwance wata biyu yana gabanku, ba ku faɗa masa ba. Sai ni da ban san tsani ba, ban san kati ba." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Har ya rasu in ya idar da salla a kwance sai ya ambaci sunanku. Yana ce wa yara in ba ya nan, ga babansu. Mu abin da muka sani ke nan, da shi muke rarrashin kanmu, cewa ya yi aiki da mutumin kirki. Yanzu kun zo kun sauke kayanku a ƙofata don ku samu barci. Ni ina zan kai shi?"

Na ce ta yi haƙuri.

"Haƙuri kam muna yi tun kafin ku zo. Ni ba zan ce na yafe ba, ba zan ce ban yafe ba. Ba nawa ba ne. Allah ya kiyaye hanya."

Na ji takunta ta koma ciki. Na naɗe tabarmar na jingine a bango, na fito.

Ban sake taka gidan ba. Amma babban ɗansu yana tuƙa adaidaita tsakanin Sharaɗa da Panshekara, magidanci ne yanzu da 'ya'yansa biyu, kuma hanyarsa ta bi ta bakin masallacin da nake zama da rana. Duk sanda ya hango ni sai ya gangara gefe ya kashe inji, ko da fasinja a ciki, ya zo ya durƙusa.

"Baba, ina wuni. Ya ƙarfin jiki?"

Nakan duba fuskarsa in ga ko uwarsa ta gaya masa. Ba na iya ganewa. Wani lokaci ina ganin kamar ya sani, yana yi ne don ubansa ya ce a yi. Wani lokaci ina ganin bai san komai ba, ita ta haɗiye abin ita kaɗai. Ban tambaye shi ba, kuma na san kaina yanzu, ba zan tambaya ba. Nakan ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ya tashi ya tayar da injinsa ya tafi.